Rigar Madaci Mai Faci

Gidanmu na Tamale ba ya ɓace wa baƙo. Ko ba a yi maka kwatance ba hancinka zai kawo ka, domin tun daga bakin lungu ake jin warin tukunyar Kaka Azumi, wani wari mai ɗaci da yake kama maƙogwaro. Ita ta haifi babanmu, sana'arta kuma magani. Tana da 'yar rumfa a kasuwa inda take shimfiɗa sassaƙe da saiwoyi a kan buhu, abin da ya rage kuma ta dafa a gida saboda masu zazzaɓi da ciwon ciki. Mu jikokinta mun sha wannan ruwa har mun gode Allah. Ko atishawa ka yi a gabanta, sai ka ga ludayi ya nufo ka.

Amma da an yi sallar magariba an ci tuwo, sai ta zama wata mace daban. Takan ja garwashi daga murhu zuwa tsakar gida, ta jera doya a kai, ta miƙe ƙafa, mu kuma mu kewaye ta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffin zango, wato unguwarmu, suke buɗewa. Ita cewa take, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A ba ta tabarma!" Idan muryarmu ba ta fito sosai ba, sai ta ce baƙuwar ta yi fushi ta koma, ta ci gaba da juya doyarta kamar ba da ita ake ba, har sai mun roƙe ta. Ni Lariba, mai shekara tara a lokacin, na fi kowa katse ta da tambaya, shi ya sa ta raɗa mini Uwar Surutu. Ina son matar nan fiye da yadda zan iya faɗa, duk da ludayinta.

Kaka ba 'yar Tamale ba ce, aure ya kawo ta. An haife ta a wani ƙauye a kan dutse, can wajen Gambaga, inda ƙasar noma ba ta da yawa, wadda ake da ita ma tsakuwa ta fi yawa a ciki. Gero ba ya kai mutanen nan ƙarshen rani. Abin da yake riƙe su shi ne dutsen da kansa: maza su ɗebi zuma, mata su tsinci kaɗe, sannan babban abin, su sassaƙi ɓawon madaci su shanya, a kawo Tamale a sayar a sayi hatsi. Ƙanwar Kaka, Inna Sanatu, ita ce babbar matan da suke hawa dutsen, ita take aiko wa Kaka kaya. Kuma akwai wata al'ada a garin. Ranar da yarinya za ta fara riƙe gizago, wato ɗan gatarin da ake sassaƙa da shi, uwarta takan kai ta gindin madaci ta sa ta rantse cewa ba za ta koya wa namiji ko baƙo yadda ake yankan ba. Kaka ta yi wannan rantsuwa, Inna Sanatu ma ta yi.

Shekarar da nake ba da labarinta ita ce shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai. Garin duk ya ɗauki zumuɗi. Mu yara an koya mana waƙa a makaranta an ba mu 'yan tutoci masu baƙin tauraro, Turawan ofis kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, samarinmu masu ilmi suna hawa kujerunsu. Ɗaya daga cikin samarin nan ya kama ɗaki a gidanmu. Sunansa Mista Asare, Kirista ne daga kudu, siriri mai gajeren wando da doguwar safa, aikinsa kula da daji. Kullum da safe sai ya durƙusa ya gaida Kaka da Hausarsa ta kasuwa, "Mma, ina kwana, ya jiki?" kafin ya hau kekensa. Kaka tana ce masa Mai Daji. Mutumin kirki ne, sai dai ya yarda da littafinsa ƙwarai. Duk abin da ya ƙirga ya rubuta a ciki, to a wurinsa magana ta ƙare.

Wata ranar Alhamis, a ƙarshen damina, Inna Sanatu ta sauko daga lori ba tare da buhu ko ɗaya ba. Ta ƙi ruwa, ta ƙi tuwo, ta zauna a ƙofar ɗakin Kaka tana magana ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na laɓe bayan randa, har na ji komai. Tun da aka gyara hanya, wasu maza suke zuwa da lori suna kwashe ɓawon madaci a gindin dutse, bishiyoyi sun fara bushewa. Gwamnati ta aiko ma'aikaci ya duba. Ya hau har sama inda mata suke aiki, ya ga kowace bishiya da tabo a jikinta, ya ƙirga su duka ya shafa musu jan fenti. Ya tara matan ya tambaye su yaya suke yankan nan. Su kuwa ga namiji, ga baƙo, sai suka sunkuyar da kai suka yi shiru. Ya ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi. Ya ce zai rubuta takarda a rufe dutsen, kada kowa ya ƙara taɓa madaci.

"Yaya, in aka rufe mun tashi," in ji Inna Sanatu. "Samari sun fara maganar tafiya Kumasi. Garin zai zama kango."

"Yaya kamanninsa, ma'aikacin?" Kaka ta tambaya.

"Siriri ne, da safa har gwiwa."

Kaka ta ɗaga kai ta dubi keken Mista Asare da yake jingine a bango. 

Da ya dawo daga aiki babanmu ya same shi ya yi masa magana ta lumana. Mista Asare ya ji kunya da ya gane matan dutse dangin masu gidansa ne, amma bai sauya ba. "Baba, ni na gani da ido na," ya ce. "Itace duka ya samu ciwo paa, sosai. Na tambaya mata, ba ya magana. In itace ya ƙare, su ma ya ƙare. Litinin zan kai takarda." Babanmu ya koma wurin uwarsa ya ce ta yi wa Allah ta bayyana wa yaron nan yadda abin yake. Inna Sanatu ta yi tsalle ta dire, ta ce rantsuwar da aka yi a hannun uwarsu ba za a karya ta saboda mai safa ba. Kaka ta ce ita ma ba ta da niyyar karyawa. Inna Sanatu ta bi lorin Juma'a ta koma, idonta jawur.

Ranar Asabar da yamma Kaka ta ja garwashinta, amma ba inda ta saba ba. Ta kai shi har kusa da ƙofar Mista Asare, ta ce wai iska ta fi daɗi a can. Ta zaɓi doya mafi girma ta gasa, ta ɓare, ta zuba mata man kaɗe da yaji, ta ce in kai wa Mai Daji, in kuma ce masa doyar nan ba ta son a ci ta a ɗaki. Ya fito da kujerarsa yana dariya ya zauna a bayanmu.

"Ga wata baƙuwa a ƙofa," in ji Kaka, da murya wadda ko maƙwabta sun ji.

"A ba ta tabarma!"

Ta ce a zamanin da bishiyoyi suke magana, an yi wata mace da 'yarta ta kwanta da zazzaɓi, an yi magani har an gaji. Sai ta hau dutse tana kuka, ta tarar da wani dogon tsoho a tsaye, mai ɗacin baki, ba ya amsa gaisuwa da daɗi. Sunansa Madaci. Ya ce ta yi masa shiru, kukanta ya dame shi. Da ya ji damuwarta sai ya ce rigar da take jikinsa magani ce, amma ita ke nan gare shi, shi yake saƙa ta da kansa, kuma saƙarsa ba ta sauri. Zai ba ta, in za ta kiyaye sharaɗinsa.

A nan Kaka ta kumbura murya ta zama tsohon. "Ki yanka a ƙirjina, wajen da rana take fitowa. Faɗin yatsunki huɗu, kada ki ƙara ko na jariri. Tsawo daga gwiwar hannunki zuwa yatsa. Akwai farar taguwa mai danshi a ƙarƙashin rigar, kada gizagonki ya kankare ta, da ita nake saƙa. In kin gama ki kwaɓa ƙasar suri ki yi mini faci, kada ƙwari su shige ni. In kin sake bukata ki zagaya bayana, wajen faɗuwar rana. Ƙirjin kuwa kada ki dawo masa sai kin ga bakin yankan ya haɗe. Abu ɗaya ne ba na yafewa: kada yankan gaba ya gamu da na baya. Abincina ta cikin rigar nan yake bi, in aka yi mini ɗamara an yanke mini hanya."

"Kaka, me ya sa yatsa huɗu, ba biyar ba?" na tambaya.

"Na biyar ɗin na riƙe gizago ne, Uwar Surutu. Ki bari in yi."

Matar ta yi yadda aka ce, 'yarta ta warke. Ta koya wa 'yar, 'yar ta koya wa tata. Shekaru suka tafi, rigar tsohon ta cika da faci gaba da baya, shi kuwa sai ƙara tsawo yake, kansa cike da ganye. A gindin dutsen akwai ƙanensa, saurayi mai riga sumul. Wata rana wani mai gaggawa ya zo, bai yi sallama ba, ya zagaye saurayin da wuƙa ya tuɓe masa riga tun daga ƙugu har kafaɗa ya yi gaba. Saurayin ya tsaya da ganyensa kamar ba abin da ya faru, damina ɗaya, sannan ya mutu a tsaye. Labari ya kai wa alƙali. Alƙalin yaro ne mai gaskiya, ba ya karɓar ko goro. Ya zo ya ga gawar, ransa ya ɓaci, ya hau dutse neman mai laifi. Ya iske tsohon da faci ko'ina. Ya sunkuya ya ƙirga facin nan ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta, ya ce a kamo jikar matar nan. Duk tsawon ƙirgar bai ɗaga kai ya dubi ganyen tsohon ba, bai kuma tambayi kansa yadda mai ciwon shekara sittin ya fi kowa tsawo a dutsen ba.

Sai Kaka ta tsaya a nan ta hau juya doya.

"Sai me ya faru?" muka ce gaba ɗaya.

"Ban sani ba. Alƙalin bai gama shari'a ba tukuna. Baƙuwa ta gaji, ku je ku wanke hannu."

Kai, mun yi ƙorafi ranar! Ƙanena har da kuka, wai an cuce mu, tatsuniya ba ta da ƙarshe. Ni na waiwaya in ga ko Mista Asare zai taya mu roƙo, sai na gan shi riƙe da doya a hannu ta huce, bai kai rabi ba. Ya matso da kujerarsa.

"Mma, wannan faci, shekara nawa kafin ya rufe?"

"Wane faci, Mai Daji? Ni tatsuniya nake yi wa jikokina."

"Mma, don Allah. Itace da aka yanka gaba da baya, ba ya mutu koraa, ko kaɗan?"

"Ka taɓa jin bishiya ta yi magana? Ƙarya ce irin ta tsofaffi. Ci doyarka."

Ya daɗe yana kallonta, ita kuwa ko a jikinta. Can sai ya ce, "Yoo, Mma," ya shige ɗakinsa.

Ranar Litinin bai kai takarda ba. Ya roƙi babban ofishinsu mako guda, ya ce akwai abin da bai duba ba. Ranar Laraba muka hau lori mu uku, shi da Kaka da ni, domin Kaka ta ce ba ta tafiya ba mai riƙe mata buta. Wannan ne karo na farko da na ga dutse. 'Yar Tamale ce ni, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti, sai ga abu ya tashi ya tare rabin sama. A gindinsa, bakin hanya, muka fara tsayawa. Madatai ne a jere, farare tas daga ƙugu zuwa sama, wasu sun bushe, wasu ganyensu ya yi ja. Kaka ta dafa ɗaya, na ga hawaye a idonta, abin da ban taɓa gani ba.

Muka hau. Matan garin suka biyo mu daga nesa, Inna Sanatu a gaba ta sha kunu. Mista Asare bai tambayi kowa komai ba wannan karon. Ya je gindin wata babbar bishiya mai jan fentinsa a jiki, wadda mutum uku ba za su rungume ta ba. Ya cire hularsa, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya ɗora yatsunsa huɗu a kan sabon yanka mai ƙasar suri, ya ga yatsunsa ma sun fi yankan faɗi. Ya zagaya baya ya sami wani. Ya bi tsofaffin tabo da hannu, waɗanda suka haɗe suka zama kamar ɗinki, wasu can sama inda bishiyar ta yi kauri ta baje su. Ya duba gefe da gefe, ya ga ɓawo lafiyayye tun daga ƙasa har reshe, ba inda ya katse. Haka ya yi ta yi daga bishiya zuwa bishiya har rana ta take, safarsa duk ƙaya. A cikin duk waɗanda ya shafa wa fenti a saman dutsen bai sami matacciya ko ɗaya ba.

Sai ya juyo wurin matan ya durƙusa, da littafinsa da komai. "Iyaye na, ni na yi kuskure," ya ce. "Na ƙirga ciwo, ban duba rai ba. Ku ba ya kashe itace. Ku ne ya riƙe shi."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, dutsen ya amsa. Ni ban san lokacin da na yar da butar Kaka na shiga rawa ba. Inna Sanatu kaɗai ba ta yi guɗa ba. Ta ga yadda ya ɗora yatsu huɗu, ta ga ya san ya zagaya yamma ba wanda ya nuna masa. Ta ja Kaka gefe.

"Yaya, kin faɗa masa."

"Ban koya wa namiji komai ba. Yara na yi wa tatsuniya a tsakar gidan ɗana."

"Shi kuma yana ina?"

"Yana cin doya. Kunnensa ba ni na dasa masa ba, Sanatu."

Inna Sanatu ta harare ta, ta harare ta, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta toshe baki da gefen zane, dariyar ta ƙi tsayawa, har ta zauna a ƙasa. Ta ce tun suna yara haka Azumi take, in an hana ta ƙofa sai ka same ta a ɗaki ba ka san ta inda ta bi ba.

Takardar da Mista Asare ya kai daga baya ta hana zagaye madaci da wuƙa, ta hana masu lori taɓa bishiyar dutsen, ta bar sassaƙa a hannun matan garin, ta kuma ce su ne masu ido a kan wurin. Ya sha gardama a ofis kafin a sa hannu, ya ce da manyansa su je su ɗaga kai su gani. Ranar da ya kawo labarin, Kaka ta ja garwashi ta ƙarasa mana tatsuniyar cikin magana uku: alƙali ya dubi sama, ya ji kunya, ya saki yarinya. Muka ce ƙarshen ya yi gajarta. Ta ce shari'ar gaskiya ba ta da tsawo, ta miƙa wa Mai Daji doya mai zafi, wannan karon ya cinye tas.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin wayon tsohuwa kawai, ina ba da shi a wurin biki a yi dariya. Sai da na girma na yi aikin unguwar zoma shekaru masu yawa, na sha zama tsakanin likita mai littafi da tsohuwa mai al'ada, kowa da gaskiyarsa kuma ba mai jin wani, sannan na gane nauyin da Kaka ta ɗauka. Da ta karya rantsuwa da ta rasa 'yar uwarta da mutuncinta a garinsu. Da ta yi shiru da garin ya watse. Ba ta raina al'adar ba, ba ta kuma raina yaron ba. Ta yarda cewa in ya ji zai gane, ta nemo hanyar da zai ji.

Bayan na yi ritaya na koma dutsen, ina hawa ina hutawa, gwiwoyina suna zagina. Kaka da Inna Sanatu sun daɗe da rasuwa. Garin yana nan, har da makaranta da rufin kwano. A sama na tarar da wata matashiya da goyo a baya tana kwaɓa ƙasar suri a gindin madaci. Muka gaisa, na ce mata ko ta san an taɓa yunƙurin hana su wannan dutse. Ta dube ni kamar na faɗi abin da ba ya yiwuwa.

"Hana mu? A'a, Hajiya, ba a nan ba. Dutsen nan tun kakanninmu ba wanda ya taɓa hana mu."

Na buɗe baki zan ba ta labari, sai na fasa. Daɗi ne ya cika ni. Yarinyar nan ta tashi a garin da bai watse ba, tana cin abincinta daga bishiyar da ba ta mutu ba, ba ta ma san an taɓa jin tsoro ba. Na zauna a inuwa na riƙe mata jaririn har ta gama aikinta.